Rasuwa a gidan mai otizim: a kai shi jana'iza ko a ɓoye masa?

Uwar Zumunta: Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana da ke wannan zaure. In an yi rasuwa a gidan da akwai yaro ko babba mai otizim (wani yanayi ne na ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke fahimtar magana da cuɗanya da mutane), abin da aka saba shi ne a tura shi gidan wata gwaggo har a tashi daga makoki, a ce masa Baba ya yi tafiya. Mu matan zumunta na cocin Katolika a nan Katsina mu ne a kan girki da zaman makoki, saboda haka mu ake tambaya. Wannan daidai ne? In ba daidai ba ne, me za a yi, daki-daki?

Malamar Aji: Mama, ba daidai ba ne, kuma illar sai daga baya take fitowa. Mai otizim yakan riƙe magana yadda aka faɗe ta. In an ce Baba ya yi tafiya, zai yi ta jira a bakin ƙofa, duk ƙarar babur sai ya leƙa. Ranar da ya gane gaskiya, ga rashin uba, ga rashin yarda da wanda ya faɗa masa. Daga nan kuma duk wanda ya ce zai je Kano ko Funtuwa, hankalin yaron ya tashi.

Ga yadda ake faɗa. Mutum ɗaya, wanda ya fi sabawa da shi. Ɗaki mai shiru, da rana, ba dab da kwanciya ba, kuma tun gida bai cika da masu kuka ba. Magana gajera: "Baba ya mutu. Jikinsa ya daina aiki. Ba ya numfashi, ba ya cin abinci, ba ya jin zafi. Ba zai dawo gida ba." Sai a yi shiru. A ba shi lokaci, ko da minti ɗaya ne cur, domin da yawansu sai magana ta daɗe a kunne kafin ta shiga. Kada a cika shirun da wa'azi.

Sannan a faɗi dalili na gaskiya. "Ba shi da lafiya" bai isa ba, domin ranar da mura ta kama uwarsa zai ɗauka ita ma ta tafi ke nan. A ce: "Zuciyarsa ce ta yi ciwo mai tsanani, likita bai iya gyarawa ba. Mura da zazzaɓi ba haka suke ba, ana shan magani a warke." A ƙara da cewa ba shi ya jawo ba, ko bai tambaya ba.

Uwar Zumunta: Malama, "ya mutu" fa? Bakina ba zai iya faɗar wannan a kan babban mutum ba. A wurinmu sai a ce ya huta, ko ya yi barci cikin Ubangiji.

Tsohon Katikis: Mama, ki buɗe Yohanna sura 11, aya 11 zuwa 14. Yesu ya ce wa almajirai Li'azaru ya yi barci. Suka ɗauka barcin hutawa ne, suka ce to ai zai warke. Da ya ga ba su gane ba, sai ya faɗa musu a fili cewa Li'azaru ya mutu. Ubangiji da kansa ya sauka zuwa maganar da mai sauraro zai fahimta, balle mu. In "ya rasu" ne yaron ya sani, a yi amfani da shi, amma a bi shi da bayanin da Malama ta kawo.

Barcin nan kuwa zai sake tasowa a coci, domin 1 Tasalonikawa 4 na cikin karatun da ake yawan zaɓa a jana'iza, kuma ana maganar waɗanda suka yi barci. Iyali suna da bakin magana a zaɓen karatu. Ko a zaɓi wani, ko a gaya wa yaron tun a gida cewa za a faɗi haka amma mutuwa ake nufi, ba barcin dare ba. In ba haka ba, sai a ga yaro ya ƙi kwanciya, ko yana tashin uwarsa tsakar dare don ya tabbatar tana numfashi.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan, kuma mu masu koyar da katikisim, wato darussan addini na coci, mu muke haƙa shi. Mun koya wa yaro cewa Yesu ya tashi a rana ta uku. Yaron da ke bin ƙa'ida sak zai ƙirga kwana uku ya jira. Dole a faɗa masa: Baba ba zai tashi bayan kwana uku ba, tashin matattu sai ranar ƙarshe, kuma ba wanda ya san ranar.

Sista Nas: Baba Katikis ya taɓo inda ya kamata. Ni ma ina ƙara "Allah ne ya ɗauke shi don yana son sa" a cikin abin da za a guje wa. Yaro zai iya tsoron Allah ya so shi, ko ya tsani coci. Haka ma yawan zuzuta daɗin sama ga wanda yake cikin kewa. In aka ji yana cewa yana so ya je inda Baba yake, kada a yi dariya, kada kuma a yi masa tsawa. A tambaye shi a hankali me yake nufi. In nufinsa ya mutu ne, asibiti ranar nan.

Uwar Zumunta: To na ji wannan. Amma kai shi coci da makabarta fa? In ya fasa ihu ana cikin Misa, ko ya yi dariya a gaban gawa, mutane za su ce iyalin ba su da tarbiyya.

Malamar Aji: A ba shi zaɓi, amma zaɓi bayan bayani. Ba a tambayar mutum "za ka je?" alhali bai san me ake yi a can ba. A nan mu Katolika muna da wata dama: in gawa tana mutuware, akan sami kwanaki kafin jana'iza. A yi amfani da su.

A ɗauki hotuna da waya: ƙofar coci, bencin da zai zauna, bagadi, motar da za ta ɗauki gawa in an san ta, ƙofar makabarta. A jera su a takarda ɗaya, kowane hoto da jimla ɗaya, kada su wuce shida zuwa takwas. Na ƙarshe ya zama hoton gida da abin da zai ci in an dawo, domin abin da ya fi damunsa shi ne yaushe za a gama. A bi takardar tare da shi sau ɗaya ko biyu kowace rana. Irin wannan ɗan labarin shiri, wata malama a Amurka, Carol Gray, ita ta tsara hanyar rubuta shi tun farkon shekarun 1990, kuma ba ya bukatar komai sai takarda da biro. In ba hoto, a zana.

Kuskuren da ake yi shi ne sa agogo a ciki. In kin rubuta za a gama ƙarfe 12, aka kai 12 da minti 5 ana jawabi, rikici ya tashi. A rubuta "bayan wannan sai wannan". A kuma rubuta cewa mutane za su yi kuka, wasu da ƙarfi, kuma ba laifinsa ba ne.

In da hali, a kai shi cocin kwana ɗaya kafin nan, lokacin ba kowa, ya zauna a bencin minti goma.

Tsohon Katikis: Bari in shimfiɗa tsarin don masu rubuta takardar. Jana'izar Katolika zango uku ce: addu'ar dare kafin binnewa, Misar jana'iza, sai addu'ar bakin kabari. Ba dole ya halarci duka ba. In ɗaya kawai zai iya, a duba wanda ya fi dacewa da shi.

A Misa, Fada, wato limamin coci, zai tarbi akwatin gawa a ƙofar coci, ya yayyafa ruwa mai tsarki don tunawa da baftisma. A wasu wuraren ana shimfiɗa farin ƙyalle a kan akwatin. Ana kai shi gaban bagadi kusa da babban kyandir na Ista. Sai karatu, wa'azi, hadaya, karɓar Jibi Mai Tsarki. A ƙarshe akwai addu'ar sallama, inda Fada ke zagaya akwatin da turare. Rigar Fada za ta iya zama shunayya, ko fara, ko baƙa. A tambaya a gaya wa yaron, don wanda ya saba ganin kore ranar Lahadi zai lura.

Yaran da ke da dangi ko maƙwabta Musulmi, wanda kusan kowa ne a Katsina, sun saba ganin an ɗauki gawa a makara an binne ranar nan. Za su tambayi me ya sa aka ajiye Baba kwanaki, me ya sa akwati. A amsa a taƙaice: haka muke yi a coci, haka suke yi a nasu, kowa yana girmama mamacinsa.

A ƙauyukan da ba mutuware a kusa kuwa, binnewa ba ta jira, kuma sau da yawa katikis ne ke jagorantar addu'a, Misa ta biyo baya in Fada ya samu zuwa. Nan ba lokacin hotuna. A zana abu huɗu a bayan kwali: gida, addu'a, kabari, gida. Minti biyar ya isa.

Shugaban Mawaƙa: Daga ɓangarenmu, abin da ke wahalar da su a coci ba waƙar ba ce kawai. Lasifika ce, musamman in makirufo ya yi ƙara kwatsam, sai janareta, sai ƙararrawar masu hidimar bagadi, sai ganguna. A zaunar da shi a ƙarshen benci, kusa da ƙofar gefe, nesa da lasifika da kuma ɓangaren da janareta yake. Na san iyali a gaba suke zama, amma ba doka ba ce. In an gaya mana da wuri, rage sauti ba wani aiki ba ne, kuma za mu iya ba da jerin waƙoƙin a kunna masa a waya tun a gida.

Sista Nas: Abin rufe kunne irin na masu aiki da injin ya fi auduga, amma a gwada masa kwana biyu kafin ranar. Sabon abu a ranar tashin hankali ba ya karɓuwa. Anko ma haka. Sabuwar atamfa tana da kauri da ƙaiƙayi, a wanke ta sau biyu, a sa masa tsohuwar singileti a ciki. In ya ƙi, a bar shi da tsofaffin kayansa masu tsabta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Da yawa daga masu otizim suna da farfaɗiya. Abu biyu da suka fi tayar da ita su ne tsallake magani da rashin barci, kuma gidan makoki ya haɗa duka biyun. Wani lokacin ma mai ba da maganin ita ce ta rasu. A ranar farko, wani ya nemo kwalin maganin, ya rubuta sunansa da yawansa da lokacin sha a takarda, ya manna a bango, ya sa ƙararrawa a waya. A duba ko ya kusa ƙarewa. Saboda haka ni ban yarda a bar shi a addu'ar dare har tsakar dare ba. Ya zauna minti ashirin ko talatin na farko, a mai da shi ya kwanta a lokacin da ya saba.

Kada kuma a sayo maganin barci a kemis don a kwantar da shi. Wasu yaran ƙara birkicewa suke yi da shi, kuma yana iya karo da maganin farfaɗiya.

A jakarsa: ruwa, abincin da ya saba ci, kayan canji, abin da yake riƙewa a hannu, hula ko lema. Makabarta a watan Afrilu, rana tana kai digiri 40, yaron da ba ya iya cewa yana jin ƙishi sai dai a ga ya faɗi.

Na Ƙofar Ƙaura: Ina gaida iyaye. Ana ta cewa yaro, yaro. Mu manya masu otizim muna nan, muna binne iyaye da mata da 'ya'ya. Abin da ya fi nauyi a kanmu shi ne layin ta'aziyya: hannu ɗari, runguma, "ya haƙuri" sau ɗari, kowa yana duba fuskarka ya ga ko ka yi kuka. In fuska ba ta nuna ba, a ce ba ka damu ba. Da yawanmu ba ma iya sa wa abin da muke ji suna nan take. Yakan fito ta ciwon ciki, ko rashin barci, ko kasa magana, wani lokacin bayan watanni.

Abin da ke taimakawa: a ba mutum amsa ɗaya da zai riƙa maimaitawa, kamar "na gode, Allah ya ba da lada". A yarda ya zauna awa ɗaya ya shiga ɗaki ya huta. A ba shi aikin da ke da iyaka, kamar rubuta sunayen masu kawo gudummawa, ko lissafin kujeru da ruwan leda. Kuma in ya tambayi abin da ya yi kama da rashin kunya, kamar nawa ne zurfin kabari ko me zai faru da jikin, a amsa masa. Da sanin abu muke samun natsuwa.

Uwar Zumunta: Allah ya yi maka albarka ɗana, wannan ban taɓa tunaninsa ba. To ganin gawa fa? Ni a ganina wannan ya yi yawa.

Sista Nas: Ni ma ina ɗan ja da baya a nan, Mama. Gawar da ta daɗe a mutuware tana canza kama, ga warin maganin adanawa. In kuma hatsari ne ko harbi, a bar akwati a rufe.

Malamar Aji: Sista, in gawar ta lalace na yarda da ke. In ba haka ba, ban yarda a yanke masa hukunci ba. Ga wanda magana ba ta shiga sosai, ganin jikin ne ke sa ya gane an mutu, fiye da duk bayanin da za mu yi. Sharaɗi shi ne wani babba ya fara gani, ya dawo ya kwatanta daidai: idonsa a rufe, jikin da sanyi da tauri, fatar ta ƙara duhu, akwai auduga a hanci, ba zai amsa ba in an kira shi. Sannan a shiga da shi kafin jama'a, shi da mutum ɗaya, ƙofa a buɗe. Ya tsaya inda ya ga dama. Ba a tura shi ya taɓa, ba a hana shi in ya miƙa hannu. Minti ɗaya ma ya isa.

Sista Nas: In kafin jama'a ne, kuma an kwatanta masa, to ba ni da ja. Abin da nake ƙi shi ne a sa shi a layi ana turereniya ana kururuwa.

Fada: Salama. Na karanta duka. Abu uku daga ɓangaren coci. Na ɗaya, ku gaya wa Fada ko katikis tun ranar da kuka zo sa ranar jana'iza. Turaren addu'ar sallama ana iya rage shi, ko a yi wa mai kula da yaron alama ya fita da shi kafin a kawo kasko. Na biyu, ana iya ba shi hidima: ya riƙe gefen farin ƙyalle, ko ya ɗauki hoton mamacin, ko ya kai baikon coci gaban bagadi tare da wani. A gwada sau ɗaya a cocin, kuma a tanadi wanda zai karɓa in ya fasa. Na uku, ihu ko kaɗa hannu ko kai-komo ba ya ɓata Misa. Jimla ɗaya daga bakin Fada a farko, cewa ɗan marigayi yana tare da mu kuma yana makoki ta hanyarsa, tana rufe bakin masu harara.

In yana karɓar Jibi Mai Tsarki amma layi ya fi ƙarfinsa, a kai masa inda yake zaune. Sannan ina roƙo, in ya birkice, kada wani ya ce aljanu ne ya fara ɗora masa hannu yana ihu. Dokar coci, doka ta 1172, ta hana kowa yin addu'ar fitar da aljanu sai limamin da Bishop ya ba izini takamaimai. Otizim ba aljanu ba ne.

Shugaban Mawaƙa: Fada, na gode da wannan na ƙarshen. To in ya birkice ɗin, me mai kula da shi zai yi?

Malamar Aji: Da farko a san wane ne mai kula da shi. Mutum ɗaya, da sunansa, ba matar marigayi ba, ba wanda ke da wani aiki ranar ba, da na biyu da zai karɓe shi. "Kowa na lura da shi" shi ne yadda yaro ke ɓacewa, kuma masu otizim da dama ruwa yana jan su: rijiya, kududdufi, tafki. A sa takarda mai lambar waya a aljihunsa.

Birkicewa tana da alamun gaba: toshe kunne, ƙara kaɗa jiki, maimaita kalma ɗaya, jan hannu zuwa ƙofa. A fita tun a nan. In ta riga ta fashe, a rage magana, a kori 'yan kallo, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi sai in zai faɗa titi ko rami. Mota a inuwa ko ɗakin da aka tanada ya isa. Wani kuma ba ya ihu, sai ya daskare ya daina magana. Shi ma fita da shi za a yi, ba girgiza shi ba.

A makabarta, ya tsaya taku uku ko huɗu daga bakin rami, hannunsa a na mai kula da shi. A gaya masa tun farko cewa ƙasa za ta yi ƙara a kan akwati, kuma Baba ba ya ji, ba ya bukatar iska. In yana so ya jefa ƙasa, a ba shi a hannu.

Sista Nas: Bayan an watse ne aikin yake. Fitsarin kwance, ƙin abinci, komawa halin ƙuruciya, tambaya ɗaya sau hamsin: duk ana ganinsu. A ba da amsa iri ɗaya, kalma iri ɗaya, kowa a gidan. In ya tambayi wa zai kai shi makaranta ko wa zai saya masa ƙosai, ba son kai ba ne, rashin ne yake aunawa. A ba shi suna: Kawu ne zai kai ka. Amma kada a ɗora komai a kan makoki. Yaron da ya fara dukan kansa, a duba haƙori, kunne da bayan gida tukuna. In ya ƙi shan ruwa yini guda, ko farfaɗiya ta ƙaru, ko yana ji wa kansa rauni, a kai shi asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Katsina ko babban asibiti mafi kusa.

Tsohon Katikis: Dangi kuma su yi haƙuri da rabon kaya da kwashe yaro zuwa wani gari a makon farko. A bar masa riga ko zane ɗaya na mamacin ba a wanke ba. A koya masa gajeriyar addu'ar neman hutu na har abada ga mamaci, a riƙa yi a lokaci ɗaya kullum, gaban hoto. A sa Misa bayan kwana 30 da ranar cika shekara, a rubuta masa a kalanda, haka ma 2 ga Nuwamba da muke tunawa da dukan matattu. Tunda a 2023 aka cire mu daga Sakkwato aka ba mu dayosis namu na Katsina, wato yankin coci mai Bishop nasa, da Bishop Gerald Mamman Musa, ya kamata a rubuta wannan da Hausa a shafi ɗaya, ya kai hannun katikis na Malumfashi da Funtuwa da ƙauyukansu.

Uwar Zumunta: Malama, ki turo mini samfurin takardar hotunan nan. Sista, ki rubuto abin da za a sa a jaka da maganar magani. Zan kai taron zumunta na ranar Alhamis, mu zaɓi mata biyu da za su riƙa ɗaukar wannan aikin in an yi rasuwa.